An wanke allo, ina tawadar ta tafi? Fashin baƙi kan dokar hana gogewa a kimiyyar kwantam

Duk wanda ya zauna a makarantar allo ya san yadda ake yi. Ka biya karatunka, malam ya gamsu, sai ya ce je ka wanke. Ka jingina allon cikin kwano, ka zuba ruwa, ka bi shi da tafin hannu, sannan ka kai shi rana ya bushe. Allo ya koma fes kamar ba a taɓa ɗora masa alƙalami ba. Amma leƙa kwanon: ruwa ya yi baƙi ƙirin. Tawadar tana nan, wuri kawai ta sauya. Shi ya sa ma ba a watsar da ruwan wankin allo inda aka ga dama.

A riƙe wannan kwano a rai, domin za mu yi ta komawa gare shi. A watan Maris na 2000 mujallar Nature ta buga wata gajeriyar maƙala ta masana biyu, Arun Kumar Pati ɗan Indiya da Samuel Braunstein, waɗanda a lokacin suke jami'ar Wales da ke Bangor a Birtaniya. Abin da suka tabbatar da lissafi shi ne, in aka ba ka ƙwayoyi biyu masu ɗauke da bayanin kwantam (wato bayanin da ke cikin yanayin ƙwayoyi mafi ƙanƙanta, irin su ƙwayar haske) iri ɗaya sak, kai kuma ba ka san mene ne bayanin ba, to babu na'urar da za a ƙera ta goge ɗaya ta bar ɗaya. Matsalar ba ta rashin ci gaban fasaha ba ce da za a ce nan da shekara hamsin za a shawo kanta. Dokokin da ke tafiyar da ƙwayar zarra da ƙwayar haske ne suka hana. Duk na'urar da ta yi kamar ta goge, in ka buɗe cikinta za ka tarar ta kwashe bayanin ne ta ajiye a wurinta.

Mutane da dama suna jin wannan doka su fahimce ta a baibai. Za ka ji an ce ashe kwamfutar kwantam ba ta iya share ma'ajiyarta. Ba haka ba ne. Kwamfutocin kwantam da ake gwadawa a yau suna mayar da ƙwayoyinsu sifili sau dubbai a cikin daƙiƙa guda. Abin da dokar ta hana ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi haka zurfi. Sai an bi shi daki-daki.

Kwamfutar da ke kan teburinka da wayar da ke hannunka duk da bit suke aiki, wato 0 ko 1, kamar makunnin fitila, ko a kunne ko a kashe. Za ka iya duba shi sau ɗari, ba abin da zai same shi. Kwamfutar kwantam kuwa da kyubit take aiki. Misali mafi sauƙi shi ne foton, ƙwayar haske guda ɗaya. Haske yana kaɗawa ne ta wata fuska: a tsaye, ko a kwance, ko a karkace. Wanda ya taɓa sa irin tabarau ɗin nan masu tace ƙyalli, ya karkata kai ya ga fuskar wayarsa ta yi duhu, ya ga wannan da idonsa. Bari mu kira tsaye 0, kwance kuma 1. Foton da ya karkace da digiri 45 ko 60 ba 0 ba ne, ba kuma 1 ba, gaurayen su biyun ne da wani adadi. Kuma karkacewar tana iya ɗaukar kowace kusurwa, ba iyaka.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen awo. Ba ka da ikon tambayar foton “digiri nawa ka karkace?” Tambayar da yake amsawa ita ce ta zaɓi biyu, “tsaye kake ko kwance?” Foton da ya karkace digiri 60 daga tsaye zai amsa “tsaye” sau ɗaya cikin huɗu, “kwance” sau uku cikin huɗu. Da zarar ya amsa kuma, ya koma abin da ya faɗa, karkacewarsa ta asali ta tafi. Ashe in wani ya miƙo maka foton ɗaya, ko biyu, bai gaya maka yadda ya shirya su ba, ba za ka iya gano ainihin kusurwar ba. Wannan shi ake nufi da yanayin da ba a sani ba, kuma a kansa dukan zancen ya rataya.

Yanzu mu ga yadda ake gogewa a duniyar bit. Kana da bit biyu, ka san iri ɗaya ne, amma ba ka san ko 00 ne ko 11 ba. Kana son na biyu ya koma sifili, na farko ya zauna yadda yake. Ba sai ka duba su ba. Akwai wata 'yar ƙa'ida da kowane injiniyan kwamfuta ya sani: in na farko 1 ne, juya na biyu, in na farko 0 ne, ƙyale na biyu. To 00 ya zauna 00, 11 ya koma 10. Ko wanne ne, na biyu ya zama sifili. Ba a zubar da komai ba, ba a yi asarar komai ba, domin na farko yana riƙe da labarin. In ka sake bi da ƙa'idar, 10 zai koma 11, kwafinka ya dawo. Gogewa a nan kwafi ne aka juya baya, kamar yadda ake warware ɗinki.

Mu ɗauki ƙa'idar nan mu kai ta wajen foton. In duka biyun a tsaye suke, ko duka a kwance, tana aiki sarai. To a kawo biyu masu karkacewar digiri 45. Kowannensu rabi 0 ne rabi 1, saboda haka su biyun a haɗe gauraye ne na kashi huɗu daidai wa daida: 00, 01, 10, 11. Dokar kwantam ta ce na'ura tana aiki ne a kan kowane kashi dabam, sannan a haɗa sakamako. Sai 00 ya zauna, 01 ya zauna, 10 ya koma 11, 11 ya koma 10. Duba abin da ya fito: kashi huɗun nan ne dai, biyu kawai suka yi musayar wuri. Foton na biyu yana nan da karkacewarsa ta digiri 45, ko gezau. An yi ba a yi ba. In kuwa digiri 60 ne, abin ya fi muni: biyun za su fito a sarƙe da juna, wato halin kowannensu ya rataya a kan na ɗayan, na biyu bai koma sifili ba, na farko ma ya rasa kamanninsa.

Mai karatu zai ce, to wannan ƙa'ida ce ta gaza, a nemo wata mai wayo. Nan ne hujjar take, kuma lissafinta bai wuce na ɗan firamare ba in aka yarda da doka guda. A kimiyyar kwantam akwai lamba da ke auna yadda yanayi biyu suke kama da juna. In iri ɗaya ne sak, lambar 1 ce. In sun bambanta ƙwarai, kamar tsaye da kwance, lambar 0 ce. Tsakanin foton tsayayye da mai digiri 60, lambar ½ ce. Dokar kuwa ita ce, a cikin rufaffen tsari, inda ba abin da ke shiga ko fita, wannan lamba ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, duk abin da aka yi. Kuma in abubuwa sun fi ɗaya, ana ninka lambobinsu ne.

A ce an kawo wa na'urarmu ko dai foton tsayayyu biyu, ko masu digiri 60 biyu, ba ta san wanne ba. Kamannin da ke tsakanin waɗannan hali biyu kafin ta taɓa su shi ne ½ sau ½, wato ¼. Bayan ta goge fa? Foton na farko yana nan, ½. Na biyu ya koma sifili a duka halin biyu, 1. Ninka su, ka sami ½. An shiga da ¼, an fito da ½. Doka ta ce ba zai yiwu ba. Hanya ɗaya ce lissafin zai daidaita: ita kanta na'urar ta sauya, sauyin da ya danganta da abin da aka ba ta, kuma kamannin halinta biyu ya zama ½, domin ½ sau 1 sau ½ shi ne ¼. To ai ½ ɗin nan ita ce ainihin lambar foton ɗin da aka ce an goge. Haka zai kasance ga kowace kusurwa biyu da ka zaɓa. Ma'ana, cikin na'urar ya zama kwafin foton ɗin, za a iya juya shi a fito da shi lafiya lau. Na'urar ba gogewa ta yi ba, musaya ta yi: ta ba ka fanko, ta karɓi mai rubutu. An gudu ba a tsira ba.

Lambobi biyu ne kaɗai suke zama yadda suke in an ninka su da kansu, 0 da 1. Shi ya sa gogewa take yiwuwa ga bit, inda kowane hali biyu ko dai iri ɗaya ne ko sun bambanta ƙwarai. Duk abin da ke tsakani, ƙofa a rufe take. Haka kuma in ka san kusurwar, babu matsala ko kaɗan: an gaya maka digiri 60 ne, sai ka juya na biyu baya da digiri 60, ya miƙe. Bayanin yana cikin kanka ko a takardarka, ba a rasa shi ba.

Wannan doka tana da yaya, wadda ta girme ta da shekara 18, kuma ta fi ta suna. Labarin haihuwarta yana da ban dariya. A farkon shekarun 1980 wani masanin fiziks a Kalifoniya, Nick Herbert, ya rubuta maƙala yana cewa ya gano hanyar aika saƙo da saurin da ya wuce na haske. Dabararsa ita ce a raba foton biyu sarƙaƙƙu tsakanin mutum biyu da ke nesa da juna, mai karɓa ya yi amfani da lesa, na'urar nan mai fitar da siririn haske mai ƙarfi, ya buga kwafin nasa foton da yawa, daga nan ya gane irin awon da ɗayan ya yi a can, nan take. Cikin waɗanda aka ba su maƙalar su tantance akwai Asher Peres na Isra'ila, wanda daga baya ya ba da labarin cewa ya san akwai kuskure a ciki, amma ya ce a buga, domin neman kuskuren zai amfani ilimi. GianCarlo Ghirardi na Italiya ya ce kada a buga, ya kuma nuna dalili. Aka buga a 1982. A wannan shekarar William Wootters da Wojciech Zurek a Amurka, da Dennis Dieks a Holan, suka fitar da amsa: ba a iya buga kwafin yanayin kwantam da ba a sani ba. Ita ce dokar hana kwafi. Daga baya aka lura cewa James Park ya kawo irin wannan hujja tun 1970, ba wanda ya kula.

Da ma'auninmu na ɗazu, kwafi shi ne a shiga da ½ a fito da ¼, gogewa kuma a shiga da ¼ a fito da ½. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Saboda haka ne wasu suka ce aikin Pati da Braunstein ba cinya ba ne, ƙafar baya ce, tsohuwar doka ce aka karanta daga ƙarshe zuwa farko. A ganina suna da rabin gaskiya. In an tilasta wa na'ura ta fito yadda ta shiga, eh, juyi ne kawai. Amma sabon abin shi ne da aka ba na'urar damar sauyawa yadda take so, sai lissafi ya nuna ba ta da zaɓi illa ta haɗiye kwafin ɗungurungum. Wannan bai fito daga dokar 1982 ba. Zurek da kansa ya rubuta sharhi a fitowar Nature ɗin da ta ɗauki maƙalar, ya sa masa taken tunkiyar Schrödinger (ɗaya daga cikin magabatan kimiyyar kwantam), lokacin Dolly, tunkiyar da aka samar ta hanyar kwafin wata tunkiya, tana bakin kowa. A 2003 Pati da Braunstein sun ƙara nuna cewa da na'urar gogewa za ta yiwu, da ita ma za a iya aika saƙon da ya fi haske sauri, irin mafarkin Herbert. Michał da Ryszard Horodecki na Gdańsk a Polan, tare da Aditi Sen De da Ujjwal Sen, sun haɗa dokokin biyu a ƙarƙashin tushe ɗaya: a rufaffen tsari, bayanin kwantam ba ya ƙaruwa ba ya raguwa.

To yaya ake mayar da kyubit sifili a ɗakin gwaji, tunda mun ce ana yi? Zubarwa ake yi, ba gogewa ba. A nan kalmomin biyu suke rabuwa, kuma rashin raba su ne ke rikita mutane. Gogewa irin ta Pati da Braunstein ita ce a kawar da kwafi ba tare da ya tafi ko'ina ba. Zubarwa kuwa ita ce a tura bayanin cikin muhalli, cikin iska, ƙarfe, ruwa, duk abin da ke kewaye, inda zai watse cikin biliyoyin ƙwayoyi ba mai iya tattaro shi. Wankin allo ke nan. Haruffa sun narke, ba wanda zai iya karanta su a cikin kwano, amma ba su bar duniya ba.

(Abin da wayarka ke yi in ka danna “share” bai ma kai ko ɗaya daga cikin biyun ba. Na taɓa share hotunan wani biki daga katin memori bisa kuskure, wani mai gyaran waya a kasuwa ya dawo mini da yawancinsu kafin in gama shan ruwan leda. Sunan fayil kawai aka cire daga jerin sunaye, hotunan suna kwance a wurinsu har sai an rubuta wani abu a kansu.)

Zubarwa ta gaskiya tana da farashi, kuma wanda ya fara ƙididdige shi Rolf Landauer ne, haifaffen Jamus da ke aiki a kamfanin IBM a Amurka, a 1961. Ya ce duk bit ɗaya da ba a san shi ba aka mayar sifili, dole a fitar da zafi aƙalla wani adadi zuwa muhalli. A zafin ɗaki, kelbin 300 (ma'aunin zafi ne da ke farawa daga ƙarshen sanyi, kusan digiri 27 ke nan a ma'aunin da muka saba), adadin ya kai jul 2.9 × 10⁻²¹ (jul ma'aunin makamashi ne), wato a rubuta ɗigo, a jera sifili 20, sannan 29. Ba wani abu ba ne: share terabayit guda a wannan farashi bai kai kashi ɗaya cikin miliyan goma na jul ɗaya ba, alhali batirin waya yana ɗaukar jul dubu hamsin ko kusa da haka. Kwamfutocinmu suna ɓarnar da ta ninka wannan iyaka nesa ba kusa ba. Muhimmancinsa shi ne ba sifili ba ne. Dalili kuwa: hali biyu, 0 da 1, an matse su sun koma ɗaya, dole bambancin da ke tsakaninsu ya sami wurin zuwa, kuma zafi shi ne sawun tafiyarsa. Charles Bennett, abokin aikin Landauer, da wannan hujja ya kashe bakin aljanin Maxwell a 1982, wata tsohuwar wuyar warwara da ta dami masana tun 1867, ta wani ɗan aljani na tunani da aka ce zai iya ware zafi daga sanyi kyauta.

Sai da aka yi shekara 51 kafin a auna adadin Landauer kai tsaye. A 2012, a birnin Liyon na Faransa, Antoine Bérut da Sergio Ciliberto da abokan aikinsu suka ɗauki 'yar ƙwayar gilashi mai faɗin maikiromita 2, wadda silin gashi ya ninka ta kauri sau gommai, suka sa ta cikin ruwa. Suka haska lesa ta yadda ta yi wa ƙwayar tarko mai rami biyu kusa da juna da shinge a tsakani. In tana ramin hagu, 0 ke nan, in tana na dama, 1. Don su share, sai su rage ƙarfin lesa shingen ya yi ƙasa, su ɗan tura ƙwayar zuwa gefe ɗaya, sannan su mayar da shingen. Ko daga ina ta taso, a rami ɗaya za ta ƙare. Kyamara tana bin motsinta, daga nan suke lissafa zafin da ta saki cikin ruwan. Suka maimaita sau ɗaruruwa. In an yi da gaggawa, zafin yana da yawa. In an bi a hankali, yana raguwa, yana raguwa, har ya zo kan adadin Landauer ya tsaya, ya ƙi sauka. A wannan gwajin kwanon ma na ruwa ne da gaske.

Da bayani ya bar kyubit, ina takamaimai yake zuwa? Braunstein da Pati sun dawo kan wannan a 2007 da abin da ake kira dokar hana ɓoyewa, kuma a wurina ita ce ta fi ban mamaki. A duniyar bit ana iya ɓoye saƙo a tsakanin abu biyu. Tsarin sirrin nan na mabuɗi mai amfani sau ɗaya, wanda ake dangantawa da aikin Gilbert Vernam na 1917, Claude Shannon kuma ya tabbatar da cewa ba ya fasuwa, haka yake: ka duba rufaffen saƙon shi kaɗai, shirme ne, ka duba mabuɗin shi kaɗai, shirme ne, sai an haɗa su magana take fitowa. Saƙon ba ya cikin ko ɗaya, yana cikin dangantakarsu. Dokar 2007 ta ce bayanin kwantam ba ya yarda da wannan. In ya bar wuri gaba ɗaya, ta yadda wurin ya koma hali ɗaya ko me aka fara da shi, to yana cikin sauran duniya ɗungurungum, ba zai maƙale a tsakani ba. A 2011 Jharana Rani Samal da Pati da Anil Kumar suka gwada wannan a Bangalore ta Indiya, da kyubit uku da aka yi da cibiyoyin zarra na wani sinadari a cikin na'urar maganaɗisu. Suka dagula kyubit na farko har ba abin da ya rage a cikinsa, sannan suka juya sauran biyun, sai ga yanayin farko ya bayyana a ɗayansu.

Abin da ya kai su ga wannan tunani baƙin rami ne na sararin samaniya, wurin da ƙarfin jansa ya kai ko haske ya faɗa ciki ba ya fitowa. Stephen Hawking ya nuna a 1974 cewa baƙin rami yana fitar da wani tururin haske, yana ramewa a hankali har ya ƙare. A 1976 ya ce in haka ne, bayanin duk abin da ya faɗa ciki ya halaka har abada, domin tururin bai damu da abin da aka jefa ba. Wato allo da tawada da kwano duk sun ɓace. In gaskiya ne, dokar lambar kamanni da muka gina komai a kanta ta rushe. Wasu suka nemi mafita da cewa wataƙila bayanin yana ɓuya ne a dangantakar cikin ramin da tururin. Dokar hana ɓoyewa ta toshe wannan hanya: ko yana ciki, ko ya fito. Hawking dai ya sauya ra'ayi a wani taro a Dublin a 2004, ya biya John Preskill cacar da suka ƙulla a 1997 da kundin ilimin wasan besbol. Kip Thorne, wanda suke gefe ɗaya da Hawking a cacar, bai yarda an kayar da shi ba a lokacin.

Ga masu ƙera kwamfutar kwantam, duk wannan ba falsafa ba ce, ciwon kai ne na kullum. Lissafi yana barin tarkace, kamar 'yan rubuce-rubucen gefen takarda da ɗalibi ke yi kafin ya kai ga amsa. A kwamfuta ta yau da kullum sai a share su a wuce. A ta kwantam tarkacen suna sarƙe da amsar. In ka zubar da su cikin muhalli, kamar ka auna su ne, gaurayen da kake taƙama da shi ya lalace. In ka bar su, suna hana lissafin haɗuwa yadda ya kamata. Mafita ita ce dabarar da Bennett ya kawo tun 1973: ka yi lissafi, ka ajiye amsa a gefe, sannan ka bi sawunka baya mataki-mataki har tarkacen su koma sifili da kansu. Aikin ya kusa ninkuwa, amma ba makawa. Inda ake son zubarwa da gangan shi ne wajen gyaran kuskure, irin tsarin da Peter Shor ya fara nunawa a 1995 da kyubit tara. Akwai kyubit 'yan aike da ke kwaso labarin kuskure kawai, ba tare da sun leƙa ainihin bayanin ba, a auna su, a mayar da su sifili, su koma aiki. Kwanon a nan shi ne katon firjin nan mai kama da fitilar ado da ake gani a hotunan IBM da Google, wanda ke riƙe kyubit a sanyin da bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na kelbin ɗaya ba.

Akwai kuma wani juyi da ba a yi zato ba. Duniyar da ta hana gogewa ita ce ta ba da hanyar tabbatar da cewa wani ya zubar da abin da ka ba shi, abin da bit ba zai taɓa iyawa ba, domin mai fayil yana iya rantse maka ya share alhali kwafi goma na aljihunsa. Anne Broadbent ta jami'ar Ottawa a Kanada da Rabib Islam sun gabatar da tsarin a 2020. Mai aikawa yana rufe saƙo da sirrin da ya zuba cikin jerin kyubit. Wasu an shirya su a tsaye ko kwance, su ke ɗauke da sirrin. Wasu an shirya su a karkace dama ko hagu, su kuma tarko ne. Mai karɓa bai san wanne ne wanne ba, kuma ba ya iya buga kwafi. In aka ce ya share, sai ya auna dukansu da tambayar “dama ko hagu?”, ya aiko da amsoshin a matsayin rasit. Mai aikawa ya duba wuraren tarko, in sun dace, ya san an yi awon da gaske. Awon nan kuwa ya dagula tsaye da kwance na sauran, ko an ba mai karɓa mabuɗin daga baya ba abin da zai buɗe. In ya yi ƙoƙarin warware awon ya dawo da yanayin farko, yana buƙatar kowane kwafi na amsoshin ya dawo hannunsa, ga shi kuwa rasit ɗin ya riga ya isa wurin mai aikawa.